Akuyar Hanyar Dukku

Asabar, 5 ga Afrilu 1975, bayan la'asar

Yau na sayi babur. Ba yau na yi niyyar saye ba, amma na saya, ga shi can a zaure kansa a karkace kamar wanda ya haɗu da surukarsa a lungu.

Tun da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo, ofishinmu ya koma tashar babura. Akawu ya saya, mai buga tafireta ya saya, har mai gadi yana tambayar farashi. Ni kaɗai, Rabe masinja, nake shigowa da keken da ya girmi 'yata Inno. Kuma bakina ne ya ja mini. Na sha gaya musu cewa da ina saurayi a Kano, ni da babur kamar ni da cokali. Gaskiyar magana, na taɓa riƙe wa wani nasa ya shiga kewaye.

Shi ya sa na roƙi maƙwabcina Ticha Elias ya raka ni. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a unguwar Manawashi. Yana koyarwa a firamare, shi ne kuma mai ba mawaƙa hannu a cocinsu. Ya yi shekaru da babur kafin ya sayar, yana da lasin, bai taɓa ko ƙuje gwiwa ba.

A shagon Alhaji Bamanga na bayan kasuwa, babura a jere kamar amare, kowanne da leda a kujera. Na nuna Besfa. Elias ya ce ta 'yan kwalisa ce, tayoyinta kamar faifan tuwo, yashin Gombe zai haɗiye ta da ni gaba ɗaya. Ya ce in zaɓi wanda in na zauna ƙafafuna biyu za su taka ƙasa. Na gwada ƙaramin shuɗi, suka taka. Na gwada babban ja mai madubi biyu, suka yi lilo. Na ce jan nake so.

"Baban Inno," in ji shi, "babur ba rawani ba ne da za a zaɓa don a gan ka daga nesa."

Na ce ai don a gan ni daga nesa zan saya.

Alhaji yana da ƙa'ida. Ba a fita gwaji sai an ba shi lasin ya sa a aljihun gaba, kuma mai lasin shi ke tuƙi, shi ke amsa duk abin da ya faru. Fetur kuma kwalba ɗaya yake zubawa, don kada gwajin ya kai mutum Maiduguri. Ya miƙo mini hannu. Na laluba aljihu na ce nawa yana wajen wanki. Elias ya ba da nasa, ya matsa birkin gaba da na baya, ya kasa kunne ga injin, muka fita, ni a baya.

Da muka wuce gidajen ƙarshe a hanyar Dukku muka tsaya. Muka yi 'yar magana. Ni na yi ta roƙo ya bar ni in tuƙa, shi ya yi ta dariya, har ya ce, "To, daga nan zuwa waccan kukar kawai."

Kukar tana nan lafiya. Kwalbatin da ke gabanta ma lafiya. Mu ne dai muka tsinci kanmu a ƙasa.

Shi ya fara tashi, yana riƙe da ƙeya yana dariya, ya ce ashe a Kano ta sama ake tuƙi. Ni tafin hannuna ne ya ɗaye. Muka turo babur. A hanya ya ce, "Lasina ke aljihun Alhaji. Ni na tuƙa. In aka ji wani abu daban, 'yan sanda ne, sannan ofishinku. Ka rufe bakin nan naka, ko na yini ɗaya."

Alhaji ya dubi babur, ya dubi Elias, ya ce, "Malam, kai da aka ce gwani ne?" Elias ya sunkuyar da kai. Ni kuwa bakin da aka ce in rufe ya buɗe da kansa: "Akuya ce, Alhaji. Baƙa. Ta faɗo mana."

Na ce a bar wa Ticha lasinsa, ni zan sayi babur ɗin yadda yake. Alhaji ya riƙe hannuna ya ce irina sun yi ƙaranci a duniya.

Lahadi, 6 ga wata, bayan azahar

Ina gyaran sarƙar keke a ƙofar gida na hango ana kawo Ticha Elias daga coci, mutum biyu sun saƙalo shi. Matarsa Dokas a baya, ɗankwalinta a hannu.

Wai yana tsakiyar ba da hannu waƙar ta kuɓuce masa. Ya yi tangaɗi, ya dafa benci, maganarsa ta yi nauyi, sannan ya yi amai a gaban jama'a.

Kowa a unguwar nan ya san Elias ya taɓa shan burkutu, tun kafin a haifi 'yarsu Lois, kuma kowa ya san ya bari. Yau na ga mutane sun tuna rabin farko.

Na leƙa na ce, "Ticha, ko akuyar ce ta biyo ka coci?" Ya yi murmushi da gefe ɗaya na baki. Ya ce kansa ne ke sarawa, zafin rana ne.

Zafin rana ne. Bana ai an yi zafi.

Litinin, da safe

Da keke na tafi aiki.

Talata, 8 ga wata, bayan magariba

A ofis na zama gwarzo. Akawu ya tara mutane ya ce su dubi Rabe, wani ya lalata babur shi ya biya, bai ko ɗaga murya ba. Aka saya mini shayi da burodi mai bota. Na ci. Ina da wannan baiwar, duk halin da nake ciki ina iya ci.

Suka ce in sake ba da labarin akuyar. Na bayar. Ta ƙara girma, ta yi ciki, har da igiya a wuya tana ja. Mai tafireta ya ce jiya na ce fara ce. Na ce gabanta fari, bayanta baƙi.

Da yamma na shiga duba Ticha. An rufe taga, haske yana damunsa. Ya tambaye ni ko an shiga hutun makaranta. Na ce an shiga. Muka taɓa hira kaɗan, ya sake tambayata ko an shiga hutun makaranta.

Dokas ta ce, "Baban Inno, tun jiya haka yake. Ka ce da kai aka faɗi, kai ga ka garau."

Na ce ni kaina ƙwarya ce, ba komai a ciki da zai girgiza.

Ba ta yi dariya ba. Da tana yi.

Alhamis, 10 ga wata, da hantsi

Ticha bai tashi ba da safe. Yana numfashi, amma ko an kira shi ba ya amsawa. Na ji ihun Lois ta kan katanga ina alwala.

A-kori-kurar wani mai hatsi muka samu. Ni na riƙe kan a cinyata har asibiti. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji shi a haƙorina. Likita ya tambayi yadda aka yi, Dokas ta nuna ni ta ce ga wanda yake wajen. Na fara da akuyar. Ya ɗaga hannu ya ce ba akuya ya tambaya ba, ina kan ya bugu.

Na ce a bakin kwalbati. Wannan kam na sani sosai.

Juma'a, bayan an sauko

Liman ya yi huɗuba kan haƙƙin maƙwabci. Garin nan ba a rasa abin magana ba, amma wannan ya zaɓa.

Lahadi, 13 ga wata, da rana

Zauren nan warin fetur yake. Kwalba ɗaya aka zuba, rabinta ta zube a hanyar Dukku, amma har yau in na wuce sai ya bi ni har ɗaki. Na lulluɓe babur ɗin da tsohuwar tabarma. Madubin da ya tsira ya leƙo ta gefe.

Inno tana ta tambaya yaushe zan ɗauke ta. Na ce babur ɗin azumi yake.

Saudatu, uwar gidana kuma ita kaɗai, ta fito da rigar da na sa ran nan, tana nuna mini a hasken tsakar gida. Ta yage wuri biyu a baya, daidai ƙugu, dama da hagu.

"Malam, wannan ba yagar ƙasa ba ce. Kamar an cakumo ka."

Na ce aljanun hanyar Dukku ne, suna son mutum mai ƙiba.

Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai nama in ya sa ƙashi a ƙasan tsoka. Ta ɗauko allura. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, sai an duba ake gani.

Talata, 15 ga wata, bayan la'asar

Dattijo Alfred ya zo, babba ne a cocinsu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Na shimfiɗa masa tabarma a waje, na ce zaure ba ya shiguwa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, muka sake wata.

Ya ce, "Malam Rabe, ba shari'a na zo yi ba. Magana ta yi yawa, dattawa suna son su san gaskiya. Kai kaɗai ne shaida. Ran nan ka ji wani wari a bakinsa?"

Na ce ko kusa. Na rantse. Wannan rantsuwar da daɗi ta fito.

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma haka yake fata. Amma na bi hanyar nan da ƙafata, in ji shi, miƙaƙƙiya ce kamar layin dogo, ba rami, ba yashi. Mutumin da ya yi shekaru yana hawa dutsen Kaltungo da matarsa a baya, me zai kai shi kwalbati da rana tsaka in yana cikin hankalinsa?

Na ce akuya.

Ya ce ya tambayi masu gonakin wajen. Sun ce ba mai sakin dabba a can, saboda kuraye.

Na ce to ita wannan ba ta ji labarin kurayen ba.

Sannan ya bayyana mini al'adarsu. In aka tabbatar mutum ya koma shan abin nan, ana sa shi horo. Zai tashi a gaban jama'a ya faɗi laifinsa, a karɓe waƙa daga hannunsa, ya koma bencin ƙarshe ya zauna har sai dattawa sun gamsu. Makarantar da yake koyarwa kuma ta mishan ce, abin da coci ta ji, ita ma ta ji.

"In ya tashi," ya ce, yana neman sandarsa.

Na raka shi har bakin hanya ina ba shi labarin yadda na taɓa kai wasiƙar wani Bature gidan wani Bature daban a GRA. Ya yi dariya don ladabi.

Laraba

Bai tashi ba.

Alhamis, 17 ga wata, da yamma

Na haɗu da Alhaji Bamanga a bakin kasuwa. Ya ce in kawo jan a miƙe masa kai kyauta, mutum irina bai kamata ya yi ta fama da keke ba. Ya ce in na zo in hau da kaina in zagaya, 'yan shago su ga tuƙin Kano.

Na ce hannuna bai warke ba.

Ya warke. Har ɓawon ya faɗi. Na sake ɗaure shi da tsumma kafin in shiga gida.

Asabar, 19 ga wata, bayan azahar

Na kai kunu asibiti. Dokas tana baranda a kan tabarma, ta rame, kayan manjanta na kasuwa tun ran nan a rufe. Na ce, "Maman Lois, ya mai jiki?" Ta ce da sauƙi, yau ya motsa yatsu. Ta karɓi kunun ta ajiye, ta ce in zauna.

"Baban Inno, yau wace kala ce akuyar?"

Na buɗe baki. Ba abin da ya fito. Wannan ne karo na farko tun da aka yaye ni.

Ta ce ita ke goge masa jiki kullum. Akwai ƙuna a ƙwaurinsa na dama, ta ciki, faɗin ƙasan kofi. Sai ta ɗan ja bakin zanenta ta nuna mini nata ƙwaurin. Tabo ne tsoho, mai sheƙi, a daidai wannan wurin.

"Shekarar da aka yi aurenmu na samu. Salansa ce, bututun hayaƙin babur. Duk matar da mijinta ke da babur tana da shi, je ka kasuwa ka duba. Shi kuwa duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa ƙonewa ba. Ƙafar mai tuƙi tana gaba. Na baya salansa take ci."

Na ce a faɗuwa ai komai yana juyewa.

Ta ce haka ne.

Na ce wataƙila babur ɗin ne ya danne shi.

Ta ce wataƙila.

Wata malamar asibiti ta wuce da tire yana ƙara. Muka bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Ba zan faɗa wa kowa ba," in ji Dokas. "In na faɗa, za a ce mace ce ke kare mijinta. Kuma na san halinsa, shi ya ce ka yi shiru. Kunun da zafi ne ko in ɗumama?"

Na dawo a ƙasa ina tura keken. Ban san dalili ba, tayoyin da iska.

Litinin, 21 ga wata, da hantsi

Ya buɗe ido. Ya nemi ruwa da yarensu. Alhamdu lillahi.

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Abin da ya biyo bayanta a zuciyar ba zan rubuta ba.

Laraba

Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya watse. Ko ɗigo.

Juma'a, 25 ga wata, bayan la'asar

An sallamo shi jiya. Na yi ta kewaye ƙofarsu kamar mai neman allura, sai yau na shiga.

Yana kishingiɗe a kujerar nan mai naɗewa da ake ce wa malam-buɗe-littafi, an aske rabin kan. Hannun hagu ba ya ɗaguwa sosai. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

"Baban Inno! Direban Kano!"

Na ce a raina to, ya tuna, an gama, har na ji wani sanyi-sanyi. Ashe tsohuwar tsokana ce kawai. Ya ce abu na ƙarshe da yake tunawa shi ne ƙafafuna suna lilo a kan jan babur a shagon Alhaji. Daga nan sai silin ɗin asibiti.

Ya ce in matso. Ya kama hannuna, mai tsumman.

"Sun gaya mini duka. Na ɗauke ka, mai iyali, na je na zubar da kai. Ka biya babur. Ka riƙe kaina har asibiti. Har ka ƙirƙiro akuya don ka rufa mini asiri." Ya yi dariya, hawaye na zuba. "Akuya, Baban Inno! Ko ɗan aji ɗaya ba zai yarda ba."

Na ce, "Ticha, ba ka sha komai ba."

Ya ce, "Kai mutumin kirki ne. Amma ni na san hannuna. Ban taɓa faɗuwa ba. In na faɗi a miƙaƙƙiyar hanya, to akwai abin da na yi da safen nan da ban tuna ba. Abin nan ba ya mutuwa a jikin mutum, kwanciya yake yi." Ya ce ya riga ya aika wa Dattijo Alfred. Jibi zai tashi a gaban jama'a ya amsa. Ya ce bencin baya ma benci ne, waƙa tana kaiwa can.

Sannan ya ce, "Ka yafe mini."

Dokas tana tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu.

Ni Rabe, da na yi aji uku aka kore ni saboda surutu, na duba duk cikin bakina, kalma biyu na samu.

Na ce, "Na yafe."

Ta rako ni har waje, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ƙararrawa biyu ake bugawa. A ta biyu ake shiga. Ba a hana kowa tsayawa a bakin ƙofa ya yi magana."

Asabar, bayan magariba

Na lissafa abin da zai biyo baya. 'Yan sanda. Alhaji. Ofis, da masu shayi da bota. Wanda ya ce wa likita da dattijo akuya, wa zai sake ba shi wasiƙar gwamnati ya kai?

Na yaye tabarmar na zauna a kan babur ɗin a cikin zaure. Har yanzu ƙafafuna ba sa taka ƙasa.

Ta katanga ina jin Ticha yana gwada abin da zai faɗa gobe. Yana yi yana mantawa, yana komawa farko.

Lahadi, 27 ga wata, da safe

Saudatu ta ajiye mini rigar a kan gado, wankakkiya, a goge. Ban ce ta ɗauko ba. Ta ɗora hulata a kai ta fita.

Na kwance tsumman hannun.

Su Ticha sun wuce ta ƙofarmu ɗazu, a hankali, yana dafe da kafaɗar Lois. Ya ɗaga mini hannun da ke ɗaguwa.

Ban taɓa taka harabar coci ba. Ban san ko ana cire takalmi ba. Ban san da me ake farawa ba, sallama ko suna. Duk tsawon rayuwata ban taɓa ba da labari ba tare da na ƙara masa gishiri ba, yau kuma an ce in kai shi haka nan, gaya.

An buga ƙararrawa ta farko.

Takalmi ɗaya yana ƙafata.